Ƙaryar da Mai Kallo Yake Yafewa da Wadda Ba Ya Yafewa: Kimiyya a Finafinan Sararin Samaniya na Talabijin

A cikin shirin Star Trek akwai wata na'ura da mutum ke hawa, ya narke ya zama ƙyalli, sai a gan shi tsaye a doron wata duniya. Rashin kuɗi ne ya haife ta. Da aka fara shirin a Amurka a 1966, nuna kumbo yana sauka yana tashi kowane mako ya fi ƙarfin aljihun masu shi, sai Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin, ya nemo hanya mai araha. Daga baya masu ilimin fiziks a cikin 'yan kallo suka taso da ƙorafi. Suka ce tun 1927 Werner Heisenberg ya nuna ba yadda za a yi a san ainihin inda ƙwayar zarra take da ainihin yadda take tafiya a lokaci guda, to ta yaya na'ura za ta wargaza mutum ta sake harhaɗa shi daidai? Marubuta ba su yi musu ba. Sai kawai suka ƙara wani sashe a jikin na'urar, suka ce aikinsa gyara matsalar Heisenberg. A 1994 mujallar Time ta tambayi Michael Okuda, ɗaya daga cikin masu tsara fasahar shirin, yadda wannan sashe yake aiki. Ya ce yana aiki lafiya lau, ya gode da tambaya.

Maimakon a yi fushi, amsar ta zama abin raha da masoya shirin suke alfahari da shi har yau. Sun gane an ji kukansu, an san inda ramin yake, an kuma kafa masa alama. Wannan shi ne bakin zaren. Mai kallo ya san ƙarya ya zo saye, abin da ba ya so shi ne a raina masa hankali, ko a kafa doka yau a taka ta gobe. Duk wanda ya tashi da tatsuniya ya san haka. Ba yaron da zai katse ka ya ce gizo ba ya magana. Amma ka sa Gizo ya tsinci abu ya mayar wa mai shi ba wata dabara a ƙasa, ka ga yadda yara za su yi maka ca.

Maganar nauyi

Babbar matsalar duk wani shirin sararin samaniya ita ce a Duniya ake ɗaukarsa, inda komai ke faɗuwa ƙasa. Hanya ɗaya tak ake samun shawagi na gaske ba tare da an fita samaniya ba: jirgin sama ya cilla sama ya sulmiyo, na ciki su yi sakan 20 zuwa 25 suna lilo. Fim mai tsada yana iya jure wannan. Shirin da ake buƙatar sa'o'i goma daga gare shi duk shekara ba zai iya ba. Don haka yawancinsu sukan ce akwai wasu faranti a daɓen kumbo masu samar da nauyi, shi ke nan, a wuce wurin. Ba wanda ya san yadda za a ƙera irin wannan faranti, ko a takarda.

Hanyoyin gaskiya biyu ne, kuma shirin The Expanse, wanda tashar Syfy ta fara nunawa a Disamban 2015, ya kafa sunansa a kansu. Jagoran marubutansa, Naren Shankar, yana da digirin digirgir daga Jami'ar Cornell a fannin fiziks da injiniyancin lantarki, kuma ya taɓa zama mai ba Star Trek shawara kan kimiyya.

Ta farko ita ce turin inji. Idan direba ya taka totur, kujera takan turo ka ta baya. Idan kumbo yana ƙara gudu da mita 9.8 a sakan, a cikin kowane sakan, wannan turin daidai yake da nauyin da kake ji a tsaye a tsakar gida. Shi ya sa aka gina kumbunan shirin kamar bene mai hawa da yawa, inji a gindi, hanci a sama, maimakon a kwantar da su kamar jirgin ruwa. Inji na aiki, kowa na tafiya da ƙafarsa. Aka kashe shi, kofi da biro su tashi. Tun da kuma babu iska ko titi da za su rage wa kumbo gudu, birki ma da injin ake taka shi: a tsakiyar hanya sai a kashe wuta, a juya kumbon ya ba inda za shi baya, a sake kunnawa. Wanda bai sani ba zai ɗauka matuƙin ya fasa tafiyar ne.

A yi lissafin a gani. Matsakaiciyar tazara tsakanin Duniya da duniyar Mas ta kai kilomita miliyan 225. Da turi daidai da nauyin Duniya, rabin hanya ana ƙara gudu, rabi ana ragewa, tafiyar kwana uku da rabi ce, kuma a tsakiya kumbon yana keta kusan kilomita 1,500 a sakan. Da kashi 30 cikin 100 na wannan turin, kwana shida da 'yan sa'o'i. A zahiri motar bincike ta Perseverance ta bar Duniya ranar 30 ga Yulin 2020, ba ta sauka a Mas ba sai 18 ga Fabrairun 2021.

To ina ƙaryar take? Tana cikin tankin mai. Mafi ingancin rokar da ke ƙona sinadari tana feso hayaƙinta da gudun kilomita 4.5 a sakan. Kafin ta ƙara wa kanta gudu daidai da wannan, dole nauyinta da mai ya ninka nauyinta ba mai kusan sau 2.7. Kowane ƙarin kilomita 4.5 sai an sake ninkawa da 2.7. Tafiyar kwana uku da rabin nan tana buƙatar jimillar kusan kilomita 3,000 a sakan, hawa da birki, wato a yi ninkin sau 660 da wani abu. Lambar da za ta fito tana da sifili fiye da 280 a bayanta. Ko duk abin da ke cikin samaniya aka mayar mai, ba zai isa ba. Marubutan sun san haka, sai suka ƙirƙiro wani inji mai aiki da haɗewar ƙwayoyin nukiliya, suka laƙaba masa sunan Epstein, suka ce shi ya warware matsalar. Ƙarya ɗaya ce babba da aka ajiye a fili tun farko, sauran ginin kuma aka ɗora shi da gaskiya gwargwadon hali.

Akwai ta biyu da ba a cika magana a kai ba, wato zafi. Mutane suna ɗauka samaniya firji ce. Ta fi kama da fulas ɗin shayi, domin inda babu iska babu abin da zai kwashe zafi sai dai ya fita a matsayin haske a hankali. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana da manyan fukafukai farare da ruwan amoniya ke zagayawa a ciki don wannan aiki kaɗai, alhali wutar da take sha ba ta taka kara ta karya ba. Kumbo mai irin injin Epstein da ba shi da fukafukan zubar da zafi zai narke da mutanensa cikin ɗan lokaci. Ba a sa su ba, don suna ɓata siffar jirgin yaƙi. Injiniyoyi sun yi ta faɗa, sauran jama'a ko a jikinsu, saboda ido ba ya neman abin da bai taɓa gani ba.

Hanya ta biyu ita ce juyi. Ɗaura wa guga igiya, ka cika shi da ruwa, ka wulwula shi da sauri, ruwan ba zai zube ba ko da bakin gugan na kallon ƙasa. Haka tasha mai juyawa take manna mutane a bangonta na ciki. Sai dai kunnen ɗan Adam ba ya son juyi mai sauri, yana kawo jiri da amai. Idan ana son cikakken nauyin Duniya da juyi biyu a minti, dole daga tsakiyar tashar zuwa daɓenta ya kai mita 224. Da juyi huɗu a minti mita 56 ta isa, amma sai an sha wuya kafin a saba. Tun a shekarun 1990 shirin Babylon 5 ya bi wannan tsari da tasharsa mai tsawon kusan kilomita 8.

Su kuwa masu The Expanse sai suka wulwula duniya sukutum. Seres, mafi girma a cikin duwatsun da ke tsakanin Mas da Jufita, faɗinta kusan kilomita 940 ne, jan nauyinta bai wuce kashi 3 cikin 100 na Duniya ba, tana kuma kammala juyi cikin sa'o'i 9. A labarin an haƙa ramuka a cikinta, an ƙara mata sauri har mazauna suna jin kashi 30 cikin 100. Wannan yana nufin juyi ɗaya duk minti 42. Ƙarfin da zai riƙa cilla fatarta waje ya ninka wanda ke riƙe da ita sau goma, kuma Seres tarin dutse da ƙanƙara da gishiri ce. Za ta tarwatse kamar ƙwallon fura da aka maka da bango.

A cikin ramukan Seres ɗin ne aka ɗauki wata fitowa da masoya shirin suke yawan kafa hujja da ita. Wani ɗan sanda yana tsiyaya abin sha a kofi, sai ruwan ya gauce ya yi baka kafin ya faɗa ciki. Abin gaskiya ne, masana suna kiransa tasirin Koriyolis, kuma duk abin da ya faɗi a cikin wuri mai juyawa sai ya karkace. Amma nawa zai karkace? A juyin minti 42, ruwan da ya faɗo daga tsayin santimita 30 zai kauce da abin da bai kai rabin milimita ba a matakan waje, ko an matsa can ciki ma da ƙyar ya kai milimita guda. Ba idon da zai gani. An zuzuta shi ninkin ba ninkin don kyamara. Wato fitowar da ake yi wa kirari da tsantsar gaskiya, a ma'auni ƙarya ce. Abin da 'yan kallo suka yaba shi ne shaidar cewa wani a ɗakin rubutu ya san da zancen. A ganina sun yi daidai da suka yaba, domin yaron da ya ga ruwan nan ya tafi neman dalili ya ƙaru fiye da wanda aka nuna wa ruwa yana zuba sak.

Abin da kunne da ido suka saba

Sauti girgizar iska ce ko ruwa ko ƙarfe. A iska yana tafiyar mita 343 a sakan, inda babu komai kuwa ba ya tafiya sam. Kowa ya san wannan, kusan kowa kuma yana karya dokar. Shirin Firefly na 2002 ya bar wajen kumbo shiru, sai kiɗa. Battlestar Galactica na 2004 ya raba gardama, ya dusashe ƙarar bindigogi kamar ana jinta ta jikin ƙarfen jirgi. The Expanse kansa yana sa rugugin inji, sannan ya juyo ya nuna mutum biyu cikin rigar samaniya sun kashe rediyo sun haɗa goshin hulunansu don su yi sirri, saboda murya tana ratsa gilashi zuwa gilashi. Ba mai damuwa da wannan tufka da warwara. An ɗauki ƙarar inji kamar kiɗan da ke tashi lokacin da jarumi ke kuka, wanda ba mai tambayar ina makaɗan suka ɓuya.

Haka fitilun da ake sawa cikin hular ɗan sama jannati suna haska fuskarsa. Duk direban da ya taɓa kunna fitilar cikin mota da daddare ya san gilashi madubi yake komawa. Amma an biya ɗan wasa kuɗi, dole a ga idonsa. Haka taurarin da ke cika bayan kumbon da rana ke duka: kyamarar da aka saita don abu mai haske ba ta kama su, shi ya sa saman hotunan da 'yan sama jannatin Apollo suka ɗauka a Wata yake baƙi ƙirin, abin da har yau masu cewa ba a je Wata ba suke riƙewa. Haka duwatsun da matuƙi ke kauce wa kamar ɗan acaba a cunkoso, alhali tsakanin dutse da dutse a can yakan kai kilomita miliyan guda, kuma duk aka tattara su ba su wuce kashi 3 cikin 100 na nauyin Wata ba.

Wani lokaci gaskiyar ce ma ake ƙaryatawa. A zango na biyar na The Expanse wata mata ta yi tsalle daga kumbo zuwa kumbo ba rigar kariya, ta rayu da ƙyar. Wasu 'yan kallo suka ce an shirga ta, ai fashewa za ta yi ko ta daskare nan take, don haka finafinai suka koya musu. Fata tana da ƙarfin riƙe jiki, sai dai ya kumbura. Daskarewa kuma tana ɗaukar lokaci mai tsawo, saboda dalilin fulas ɗin nan. Abin da ke kisa rashin iskar shaƙa ne: cikin sakan 15 ko ƙasa da haka jinin da ba iska ya isa ƙwaƙwalwa, mutum ya suma, bayan minti ɗaya da rabi zuwa biyu kuma sai dai wani ikon Allah. Babban kuskure shi ne riƙe numfashi, domin iskar da ke huhu za ta buɗe ta yaga shi, dole a fesar da ita kafin a fita. A 1966 wani ma'aikacin hukumar NASA, Jim LeBlanc, yana gwajin riga a ɗakin da aka zuƙe wa iska sai bututunsa ya cire. Abin ƙarshe da ya tuna kafin ya suma shi ne yawu yana tafasa a kan harshensa. Aka maido da iska, ya farfaɗo, ya fita da ciwon kunne. A shirin an ƙara wa matar allurar jini mai ɗauke da iska don ta ƙara 'yan sakanni, aka kuma nuna ta bayan haka da kumburarrun hannaye da jajayen idanu da ƙunar rana. Wannan fitowa ta fi ta kofin kusa da gaskiya nesa ba kusa ba, amma ita ta sha musu.

Inda ake yin fushin gaske

A 1975 aka fara wani shirin Birtaniya mai suna Space: 1999, inda sharar nukiliya da aka jibge a bayan Wata ta fashe ta cilla shi cikin samaniya da mutanen da ke kansa. Marubucin labaran kimiyya Isaac Asimov ya yi masa raddi a jaridar New York Times. Fashewar da za ta iya ture Wata farfasa shi za ta yi, in ma ta ture shi, tun da a bayansa ta auku, Duniya zai nufo. Ga kuma Watan yana isa sabuwar duniya kusan kowane mako, alhali haske kansa sai ya yi fiye da shekara huɗu kafin ya kai tauraro mafi kusa da Rana.

A 1996 Star Trek: Voyager ya nuna matuƙin da ya kai gudun da shirin da kansa ya daɗe yana cewa ba a kai shi, sai ya rikiɗe shi da kyaftin ɗinsa suka zama wasu halittu masu kama da ƙadangarun ruwa, har da 'ya'ya, sannan likita ya maido su mutane kafin a tashi. Mutanen da suka shekara talatin suna haɗiye gudun da ya fi na haske ba ko tari, a nan suka tofar. Har yau ana lissafa wannan kashi cikin mafi muni, kuma marubucinsa Brannon Braga ya amsa cewa bai yi kyau ba. A 2014 Doctor Who, wanda jaruminsa ke yawo cikin zamani a akwatin waya, ya ce Wata ƙwai ne, nauyinsa yana ƙaruwa, ya ƙyanƙyashe, jaririn kuma nan take ya saka wani ƙwan daidai girman na farko. Masu sharhi da yawa sun yaba wasan, 'yan kallo kuwa suka rabu biyu. Akwatin waya mai keta zamani ba wanda ke da abin auna shi. Ƙwai kuwa, duk matar da ke kiwon kaji ta san ba ya ƙara nauyi a kwanci, kuma ɗan tsako ba ya saka ƙwan da ya kai wanda ya fito daga ciki.

Ka'idar da ke fitowa daga waɗannan ita ce gwargwadon kusancin abu da sanin mai kallo, gwargwadon tsananin hukuncinsa. Shi ya sa shirin da ya yi alkawarin gaskiya yake shan bincike fiye da wanda bai yi ba. Masu lissafa juyin Seres da kalkuleta su ne kuma suka karɓi wata ƙofa ta baƙin halittu a The Expanse mai kai mutum wata nahiyar taurari, domin labarin ya nuna cewa su kansu masanan cikinsa abin ya ɗaure musu kai. Da kuma wani ƙarfi ya tsayar da kumbuna farat ɗaya a bayan ƙofar, sai aka koma kan doka: mutane suka maku da bango, kuma raunukan cikin jiki suka ƙi tsanewa don babu nauyin da zai janye jini, har sai da aka juya gangar wani ƙaton jirgi aka kwashe majinyata can. Maganar jinkirin saƙo ma haka take. Haske yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 tsakanin Duniya da Mas, don haka babu hira kai tsaye, sai saƙon bidiyo, kuma umarni yakan iso bayan mai aukuwa ta auku.

Mai ba da shawara kan kimiyya ba shi da wuƙa ba shi da nama a wannan sana'a. A zamanin Star Trek na shekarun 1990 marubuta sukan rubuta kalma ɗaya mai nufin "fasaha" a duk inda ake buƙatar bayani, masu ba da shawara irin su André Bormanis su zo su cike gurbin da kalmomin da za su shiga kunne. Kevin Grazier, masanin duniyoyi da ya yi aiki a kan kumbon Cassini, ya yi wa Battlestar Galactica irin wannan hidima. Daga 2008 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta buɗe ofishi na musamman mai haɗa marubuta da masana kyauta. Duk da haka shawara ce, furodusa ke yanke hukunci, kuma kuɗi ke yanke wa furodusa. A littattafan da aka ciro The Expanse, mutanen da aka haifa a ƙaramin nauyi dogaye ne sirara masu raunin ƙashi, abin da ke da tushe, tun da 'yan sama jannati suna asarar kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ƙarfin wasu ƙasusuwansu duk wata idan ba su dage da motsa jiki ba. Ina za a samo ɗaruruwan 'yan wasa masu tsayi fiye da mita biyu? Aka nuna 'yan kaɗan a farko, sauran aka bambanta su da zanen jiki da wani harshe da masanin harsuna Nick Farmer ya tsara. Masu karanta littattafan sun yi gunaguni, daga baya suka koma koyon harshen.

Ko gaskiyar tana kawo kasuwa? Ba sosai ba. Firefly kashi 14 aka yi, tashar Fox ta nuna 11 ta rufe shi. A Mayun 2018 Syfy ta soke The Expanse bayan zango uku, domin haƙƙin nunin farko a talabijin kawai take da shi, masoyan kuma yawancinsu daga baya suke kallo ta intanet. Abin da gaskiyar ta tara masa shi ne mutane kaɗan masu naci. Suka yi karo-karo suka ɗauki hayar ƙaramin jirgi ya ja kyalle mai roƙon a ceci shirin a saman ofishin Amazon da ke Santa Monika a Kalifoniya. Ranar 25 ga watan, a wajen wani taron masu harkar sararin samaniya inda 'yan wasan ke zaune cikin jama'a, Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, ya sanar cewa kamfaninsa ya karɓi shirin. Aka ƙara zango uku, na ƙarshe mai kashi shida kacal, aka rufe a Janairun 2022 da sauran littattafai uku ba a taɓa su ba.